Na Sa Hannu Cewa Na Koya Masa, Kuma Ban Koya Ba

Assalamu alaikum ƴan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema, kwana huɗu ke nan na rasa yadda zan yi.

Ni mace ce ƴar Keita, ina aiki a Madawa a wani kamfani da ke sayen magani da yawa yana rarraba wa farmasi da ƙananan shagunan magani har Buza da ƙauyukanta. Aikina shi ne formasiyo, wato horar da ma'aikata. Irin aikinmu doka ta ɗaure shi tamau, ba ka taɓa kwalin magani sai akwai takarda a dosiyenka, wato fayil ɗinka na aiki, mai nuna an koya maka, kuma masu bincike na iya faɗowa kowace rana. To yadda ake horon nan shi ne abin kunyar. Duk shekara ana aiko mana da littafi daga babban ofishinmu na Yamai, da Faransanci irin wanda ni mai digiri ma sai na karanta layi sau biyu. Sai in tara ma'aikatan a rumfa, in karanta da gudu, rabinsu na gyangyaɗi, a raba tambayoyi, kowa ya kwafi na maƙwabcinsa, a sa hannu, a sha lemo a watse. Bara na je na samu direkta na ce a bar ni in riƙa yi da Hausa, a gaban firigo, wato na'urar sanyaya magani, kowa ya yi da hannunsa in gani. Ya yi dariya ya ce mai bincike ba ya buɗe kan mutum, dosiye yake buɗewa, kuma abin da Yamai ba ta amince da shi ba ba horo ba ne. Na ji haushi, amma gaskiya ban ja ba, na koma na zauna.

Akwai wani dattijo mai tsaron magazan ɗinmu, wato ɗakin ajiyar kaya, in ce masa Baba Illa, mutumin Karofane. Ya fi kowa daɗewa a gidan, tun yana ɗaukar kaya a ka har aka ba shi makulli. Bai yi lakkol ba, wato boko, da ajami yake rubuta sunansa, amma ko a duhu ka ce ya miƙo maka magani kaza ba ya kuskure. Ɗiyata yake ce mini. Ranar da ya kamata in yi musu darasin maganin da ake ajiyewa a sanyi, mota ta iso da kaya, ya tafi karɓa bai zauna darasin ba, ni kuma ina sauri in kama hanyar Buza zuwa sunan ɗan ƙanwata. Na ɗauki takardar tambayoyinsa na cike da hannuna, na ba shi ya sa hannu, ni ma na sa nawa cewa ya fahimta. Na ce a raina in na dawo zan zaunar da shi. Wata bakwai ke nan ban zaunar da shi ba.

Juma'ar da ta wuce bayan masallaci aka ɗauke wuta, injin ba da wutarmu ma ya ƙi tashi, ga zafin da kuka sani na bana. A firigo akwai allurar masu ciwon suga, wadda ba a so ta yi zafi, kuma ba a so ta daskare. Baba Illa rabi na farko kawai ya sani. Shi kaɗai ne a gidan, ya ga firigo na hucewa, sai ya kwashe kwalayen duka ya kai su cikin babban mai daskarewa da ke aiki da hasken rana, inda muke yin ƙanƙara. Ya fasa tafiya gida, ya zauna yana gadinsu. Da safe da na zo har da murnarsa yake nuna mini dabarar da ya yi. Na buɗe, na ga sun yi tauri kamar dutse. Da na faɗa masa sun lalace sai ya ce, “Ɗiyata, ashe sanyi ma shina kashe magani? Ni zahi ɗai nis sani.” Alhamdulillahi ko ɗaya bai kai ga marar lafiya ba, an ware su duka za a lalata.

Yanzu Yamai na son rahoto, kuma ni ce zan rubuta dalilin abin da ya faru. Direkta ya kira ni ya ajiye dosiyen Baba Illa a gabana, ya ce ga shi nan an horar da shi, ya ci tambayoyi duka, saboda haka sakacin ma'aikaci ne, in rubuta haka a sallame shi a wuce wurin. Na ce masa ni na cike takardar. Ya ce bai ji ba, kuma kar in sake faɗa, don in wannan ta fita to duk takardun gidan sun zama abin zargi, kuma ni za a fara kora. Mun yi sa'insa sosai, har na ce masa ai bara na gaya masa, ya ce bara ba a rubuce take ba. Da na kai wa maigidana maganar ya ce in yi shiru, yaranmu uku, kuma tsohon ya kusa ajiye aiki dama. Ban ce bai da gaskiya ba, ina jin tsoro, kuma ban san inda zan samu wani aikin a nan ba.

Abin da ya karya ni jiya ne. Na fito zan hau babur, sai ga Baba Illa ya tare ni a bakin ƙofa, ya cire hula, mutumin da a shekaru ya haife ni. Ya ce, “Ki yi min gahwara, na ba ki kumya gaban manya. Ke kin yi naki, ni na ban riƙe ba, kai ya tsuhwa.” Wallahi ya yarda na koya masa ne ya manta. Maimakon in gaya masa gaskiya, sai na ce masa ba komai Baba.

Litinin da safe ake son rahoton. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu irin aikina. In rubuta gaskiya in tsaya a kan sai an sake yadda ake horon nan, ko da aikina zai tafi? Ko akwai wata hanyar da zan tsirar da shi da ban gani ba? In kuma kun ce in yi shiru, to ku gaya mini yadda zan karɓi makullin daga hannunsa yana ba ni haƙuri.