Matakala Goma Sha Tara Tsakanin Kakata da Sahun Mata

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Gyaran Masallacinmu, da sauran iyayenmu na kwamiti, a nan Greensboro.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ina yi muku sannu da ƙoƙari. Sunana Rukayya, shekarata goma sha uku. Jikar Hajiya Memuna ce ni, tsohuwar nan mai farar kujerar roba da ke zama a bakin ƙofar mata. Ba na iya magana a gaban manya, shi ya sa na rubuta.

Akwai abin da ko Mama ba ta sani ba. Juma'a uku a jere na yi wa Kaka ƙarya. Tunda aka yi hutun makaranta ni ke raka ta masallaci a bas daga titin Gate City Boulevard, saboda Mama tana aiki ranar Juma'a. Duk safiyar da ta ɗauko mayafinta sai in ce mata ba a gama gyara ba tukuna. Alhali an gama. Na gani da idona ranar Asabar ɗin da muka koma Islamiyya.

Ga abin da ke damuna.

Na ɗaya. Gyaran ya yi kyau, Alhaji. Rufin ya daina yoyo, ba mu ƙara tara bokiti ba, kafet ɗin ma har ƙamshi yake. Amma an mayar da mata saman bene, ɗakinmu na ƙasa ya zama ofis da wurin taro. Na ƙirga matakalar, goma sha tara ce. Guda uku kawai gare mu a ƙofar gida, kuma sai Kaka ta dafa kafaɗata ta huta a ta biyu. Na rasa bakin da zan faɗa mata an gyara masallaci, amma babu wurinta a ciki.

Na biyu. Na ji an ce an nemi shawarar kowa. Yadda aka nema shi ne, bayan sallah an ce wa maza kowa ya je ya tambayi iyalinsa. Mijin Kaka ya rasu a Kumasi tun ba a haife ni ba. Babana direban babbar mota ne, ranar yana kan hanya. Ƙawayen Kaka biyu, Hajiya Ladi da Mama Asibi, su ma ba su da kowa a sahun maza. Waɗanda saƙon ya isa gare su duk masu ƙarfin gwiwa ne. Na san ba da gangan kuka yi ba. Mantuwa ce, amma a kan tsofaffi ta faɗa.

Na uku. Kaka ba ta jin Turanci. Ƙannena da Turanci suke amsa mata, talabijin ma haka. Ranar Juma'a ce kaɗai take yin dariya da ƙarfi, idan sun haɗu da ƙawayenta suna tsokanar juna a kan wadda ta fi wata iya waakye, shinkafa da waken can gida. Ta san sunan kowane jariri da aka raɗa a masallacin nan.

Jiya da la'asar na kasa daurewa, na faɗa mata gaskiya ina kuka. Ba ta yi mini faɗa ba. Ashe tun makon farko Hajiya Ladi ta kira ta ta gaya mata. Ta ci gaba da ɗauko mayafin ne tana mayarwa, don kada ta kunyata ni.

Roƙona biyu ne. Ku ara wa tsofaffin mata gefe ɗaya na wurin taron a ranar Juma'a kawai, inda kujera shida za su shiga, a ja labule, a sa musu lasifika. An ce za a sa lif, na'urar hawa bene, nan gaba. Kaka ta haura tamanin, ban san tsawon nan gaban da ya rage mata ba. Sannan idan wani aikin ya sake tasowa, wani daga cikinku ya tako har ƙofar mata ya yi sallama, ya tambaye su da bakinsa.

Idan na yi rashin kunya a wani wuri, ku yafe mini, 'yarku ce ni. Allah Ya saka muku da alheri a kan kowane bulo da kuka ɗora, Ya ba ku tsufa mai sauƙi da jikokin da za su riƙe hannunku.

Juma'ar nan za mu zo. Zan ajiye kujerar Kaka a ƙarƙashin matakala, kusa da ma'ajiyar takalma, inda ake ɗan jiyo huɗuba. Zan shimfiɗa dardumata a gefenta. Ba fushi nake yi ba. Na dai yanke a raina cewa ba zan hau benen nan ba muddin tana ƙasa.

Wassalam, tare da ladabi,
'Yarku Rukayya.