Rabi, Kin Kalli Na Biyun Ba Da Ni Ba?

Zuwa ga ƙawata Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Umma da Abba. Ya Minna, ya baƙunta? Mu nan Limancin Kona lafiya ƙalau. Hajiya Kaka tana gaishe ki, ta ce har yau ba ta samu mai tsinke mata zogale da sauri irinki ba.

Kin san ni da waya. In na kira ki sai bakina ya mutu, in ɓige da tambayarki zafin gari. Shi ya sa na rubuta a nan shafina na sada zumunta inda kowa zai gani, don kada in goge kamar yadda na goge saƙo huɗu a makon nan.

Maganar fim ɗin nan ce, na halittun sararin samaniya.

Kin tuna ranar da muka kalli na farkon? Asabar ce, mun taso daga Islamiyya, muka shige ɗakin Hajiya Kaka muka jingina wayar Ummanki da gwangwanin madara. Ƙarya kika yi mini, kika ce akwai soyayya a ciki. Ina ta jiran jarumar ta haɗu da wani, sai ga wata aba mai yauƙi, ba ido ba fuska, tana ɗauke mutane ɗaya bayan ɗaya a cikin jirgi. Na ja hijabi na rufe fuskata. Ke ce mai cewa, "Rufe, rufe!" In ta wuce ki ce, "To buɗe, matsoraciya." Rabin fim ɗin a bakinki na kalle shi.

Daga baya mai tura finafinai na Ƙofar Kuyambana ya ce akwai na biyu, wai a shi halittun garke guda ne. Muka karɓo a katin memori. Kwana uku da haka aka yi wa Abbanku canjin wurin aiki. Ranar da ake loda kaya kika kama ɗan yatsana kika ce, "Kar ki kalla sai na zo hutu. Ni ma wallahi ba zan kalla ba." Wallahi fa kika ce, Rabi. Wata bakwai ke nan katin yana tsakiyar littafin soyayyar da na fi so, ban taɓa shi ba.

To ga abin da ya hana ni sukuni.

A saƙon muryar da kika turo ran Talata kina ba ni labarin wani malaminku, kika ce murmushinsa irin na mutumin nan ne na fim ɗinmu, mai kwat da daɗin baki, wanda ya ci amanar abokan tafiyarsa. Na saurara sau shida. Rabi, babu mai kwat a na farkon. Na sake kallonsa ni kaɗai da rana tsaka, ƙofa a buɗe, idona biyu daga farko har ƙarshe. Kowa kayan aiki ne a jikinsa.

Daga nan na fara lura. Da, ba ma gama hira ba ki ce, "Katin yana nan ko?" ba. Tun azumi kika daina. A littattafan da nake karantawa, in mutum ya daina tambayar abu, to ya samu a wani wuri ne. Kin sha yi mini dariya a kan littattafan nan, amma a wannan dai ba su taɓa kuskure ba.

Sai kuma hoton da kika sa, ke da Fa'iza, sabuwar ƙawar taki ta ajinku. Kuna kwance a kafet, kwamfuta a gabanku, kwanon gyaɗa a tsakiya. Na ja hoton na ƙara masa girma har ya dushe. Allon duhu ne, shuɗi-shuɗi, da wani abu kamar hayaƙi. Zai iya zama komai, na sani. Amma tafin hannun Fa'iza yana kan fuskarta, ke kuma kin juya wajenta bakinki a buɗe.

Me kike ce mata, Rabi? Rufe ko buɗe?

Ni fim ɗin ko sonsa ba na yi. Na ajiye shi ne don shi kaɗai ne abin da muka bari ba mu gama ba, kuma muddin yana nan, a raina dole ki dawo.

Ƙila zaluntarki nake yi. Ƙila a talla kika ga mai kwat ɗin. Ina wanke-wanke ina kawo miki uzuri kala-kala, kafin in ɗauraye kwanon ƙarshe duk na rushe su. Zargin nan ya zame mini irin halittar fim ɗin, mai shiga jikin mutum ta girma a ciki: ban san lokacin da ya shiga ƙirjina ba, ina ci da mutane ina dariya, shi kuma yana girma.

Ba zan iya tambayarki baki da baki ba. In kika sake rantsuwa ban san inda zan ajiye ta ba. Don haka ga abin da na yanke. Ranar Juma'a bayan La'asar zan sa katin a waya in kalla. In ba ki kalla ba, na san halinki, ba za ki iya haƙuri ba, za ki kira ki zazzage ni tas, ki ce ban isa ba. Wallahi zan ji daɗin faɗan nan. In kuwa kin kalla, ba sai kin ce komai ba. Ki bar wayar ta yi shiru, zan gane, kuma ba zan ƙara tayar da maganar ba. Kada dai ki kira don tausayi. Na san yadda muryarki take sirancewa in kina ƙarya.

Allah Ya tsare mini ke a garin mutane, Ya ba ki sa'ar jarabawa, Ya haɗa ki da ƙawaye na gari, har da Fa'izar, in dai ta gari ce. Ni kuma in ba ni da gaskiya Allah Ya yaye mini zargin nan, in ina da ita Ya ba ni juriya. Amin.

Zan cika wayar da caji tun safe.

Taki, mai sauraron Juma'a,
Nusaiba