Shekarar da Aka Gina Soron Kaka

Assalamu alaikum Kawu Bello,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya Goggo Hajo da yara? Mu a Birnin Kebbi muna lafiya.

A makaranta an ba mu aikin binciko shekarun ginawa da rushewar tsofaffin gine-ginen gari. Na sa soron Kaka da aka rushe bara, sai Malam ya soke shi, wai abin da babu takarda ba tarihi ba ne. Ni kuwa na ƙi gogewa.

Inna ta ce, "Shekarar da Kawunki ya sauke Alƙur'ani anka gina shi, kuma tana rubuce jikin allonai."

Don Allah ka turo mini hoton allon. Shi zan ajiye gaban Malam, ai shi ma rubutu ne.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa.

'Yarka,
Asma'u