A Sako Mini Duna, Ba Kyarkeci Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin 'Yan Sintiri na unguwarmu, bayan Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanenka. Ya ƙoƙari, ya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ni ne Tanko Maharbi, tsohon nan na gidan ƙarshe kafin a gangara fadama. Ka san ni, ko da yake an daɗe ba ka tsaya mun gaisa ba. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata Malama Rifkatu ce ke riƙe da biro, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana. Na zo ofishinku aka ce ka tafi Sabon Gari taro, na sake komawa aka nuna mini benci, na zauna har azahar. Shi ya sa na ce a sa maganar inda kowa zai gani.

A kan karena ne, Duna, baƙi mai farin ƙirji, wanda mutanenka suka jefa wa raga a bakin kwalbati ranar Talata da hantsi. Yana cikin kejin da ke bayan ofishinku. An gaya mini ranar Asabar masu sayen karnuka za su zo da mota su kwashe duk abin da ke cikin kejin.

Na farko, ranka ya daɗe, ban raina asarar mutane ba. Garken karnukan nan da ke fitowa daga fadama ya yi ɓarna, kowa ya shaida. Ita kanta mai rubuta wannan takarda, a gonarta suka farke mata akuya mai ciki, ni na taya ta binnewa. Mata sun daina zuwa itace su kaɗai. Masu noman rani ba sa sunkuyawa ban ruwa sai da sanda a gefe. Da kuka tashi tsaye, har addu'a na yi muku.

Na biyu, kuna ta kiran su kyarketai, har sunan ya bi gari. Ni na ga kyarkeci da idona, ina saurayi, a dajin da ke yamma da nan, lokacin ina bin mahaifina farauta. Shekarar da garkensu ya sauka, gada da barewa suka ƙaura, maharba suka riƙa dawowa da burgami wayam, Fulani suka kaɗa shanunsu suka yi gaba. Amma kyarkeci baƙo ne. Ya ci ya wuce, daji ya sake cika. Waɗannan na fadama kuwa ba inda za su wuce, don namu ne. 'Ya'yan karnukan da 'yan haya suka tashi suka bari ne, da na ɗaliban da suka gama karatu suka hau mota. A bola suka girma, da bayan kwata. Sun cinye zomo, sun cinye ƙwan fakara, ko gafiya ta yi wuya. Rabona da in ji kukan zabin daji da safe, wallahi na manta.

A da, akwai waɗanda za su ce gaskiya Tanko ya faɗa. Bawa Gurgu ya rasu. Yohanna na Muchia, wanda ke busa mana ƙaho, ya rasu. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da shi muke raba cinya a gindin tsamiya, shi ma ya tafi. In na ba da labarin nan a majalisa yanzu, sai a yi murmushi a ce, Baba ya fara. To, na fara ɗin.

Na uku, maganar igiya. Kun yi shela a masallaci da coci cewa duk karen da aka gani ba igiya ko bel a wuyansa, na daji ne. Na ji shelar, ban ɗauka da ni ake ba. Maharbi ba ya sa wa karensa komai a wuya. Kare mai igiya in ya kutsa sarƙaƙiya bayan nama, ƙaya ce za ta riƙe shi ta shaƙe, kana nan kana yi masa fito, shi yana can yana mutuwa. Shaidarmu a kunne take. Kowane gida da irin tsagarsa, tamu biyu ce a kunnen hagu, tun daga kakana. Ku je ku ɗaga kunnen Duna ku gani. Na nuna wa mutumin da ke gadin kejin, ya yi dariya ya ce, Baba, shugaba wuya ya ce mu duba, bai ce kunne ba. Ban ga laifinsa ba, abin da aka ce masa ya yi.

Duna bai taɓa bin garken nan ba. Tabon da ke cinyarsa su suka yi masa, ran da ya tare su a bakin gonar albasa. Ya tsufa, haƙoransa na gaba sun zube. Ƙashi ma sai na fasa masa.

Na huɗu, wannan ba hujja ba ce, amma zan faɗa. Tun da Hajara matata ta rasu, gidan nan mu biyu ne. 'Ya'ya suna Kaduna da Legas, suna kira da salla, Allah ya yi musu albarka. Mutane ba sa son shigowa gidan mai kare, na sani, ban kuma riƙe kowa ba. In na yi tari da safe, shi ne ke buga wutsiya a ƙasa daga bakin zaure, in san an ji ni. Jiya na gama cin tuwo na kai sauran kaskonsa, sai da na juye na tuna. Kaji suka cinye.

Abin da nake roƙo ke nan. A duba kunnensa a sako mini shi kafin motar nan ta zo. A kuma tambayi masu sauran karnukan da ke cikin kejin, don na ga wata karya ja mai tsaga ɗaya a dama, ta wani gida ce, ko da ban san ko akwai wanda ya rage a gidan ba.

In igiyar ce dole, na sunkuyar da kai. Na sayo ta a kasuwar Samaru, tana cikin aljihuna. Abin da ubana bai yi ba, ni zan yi, a gabanka, da hannuna. Ai ba sauran dajin da za ta maƙale.

In kuwa kun riga kun yanke, ba ni da ƙarfin ja da ku. Sai dai mai gadin ya ce tun da aka kawo shi ko ruwa bai lasa ba. Ba zai lasa ba, bai saba karɓa a hannun kowa ba. Ku bar ni in riƙa shiga ina ba shi, daga yau zuwa Asabar, kada ya hau motar nan da yunwa yana zaton ni na ba da shi.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuriya, ya sa in ka tsufa a sami mai amsa maka tari.

Wassalam.

Tanko Maharbi,
gidan ƙarshe, hanyar fadama.