Ganyen Karas da Habu Ya Ba Awaki

Zuwa ga Yaya Mamman a Gwanja,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Da hannuna na rubuta wannan.

Cikin ɓacin rai nake sanar da kai cewa ganyen miyar da na alkawarta maka ba zai zo ba. Tun da Baturen gona ya kawo irin karas, mutanen Roni zubar da ganyensa suke yi. Ni na fara kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli, na shanya saura kan rumfa dominka. Sai ƙanenmu Habu ya kwashe ya zuba wa awaki, wai harawa ce. Da na yi faɗa, ya ce, "Yaya, ai su ma da ƙyar suka ci."

Ka roƙa mini haƙuri wurin Allah, don har yau ba na amsa gaisuwarsa. Ka gai da mutanen gida.

Ƙanenka,
Malam Isa