Ta'aziyyar Dakta Muhsina, da Ɗakin da Aka Garƙame Mata

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Masu Ƙyanƙyasar Kifi ta Kura da Bunkure ta samu labarin rasuwar malamarmu, masaniyar ƙwayoyin halitta, Hajiya Dakta Muhsina Badamasi Bunkure, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeriyar jinya.

Kafin zuwanta, duk sanda ƙwan tarwaɗa ya ƙi ƙyanƙyashewa, namiji muke ɗora wa laifi, mu farke wani mu ciro maniyyinsa, mu sake farke wani, har iyayen kifinmu suka kusa ƙarewa. Marigayiya ce ta zaunar da mu ta nuna mana cewa a jikin ƙwai da maniyyi akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, inda sinadaran kalsiyam da fotasiyam ke shiga da fita ɗauke da ɗan lantarki, kuma wannan lantarkin ne ke motsa maniyyi ya kuma farkar da ƙwai. Da na'urarta ta auna, ta gano cewa maganin feshin da ake wankewa a magudanar da muke ɗibar ruwa shi ke toshe ƙofofin. Mu da kanmu, masu noman tumatir a gefe, muna cikin masu wanke injin feshi a wurin, kuma ta faɗa mana ido da ido.

Ranmu a ɓace yake, ba za mu ɓoye ba. Da sakamakon ya taɓa masu sayar da maganin, sai waɗanda suka ba ta aron ɗakin gwaji daga cikinsu suka garƙame shi da na'urarta a ciki, suka ce za su ajiye taki. Ta yi ta sintiri wajensu don a buɗe mata har ciwo ya kwantar da ita. Jiya mun ga wasunsu a tabarmar gaba wajen zaman makoki, da manyan riguna, suna yabon iliminta ba kunya ba tsoron Allah.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Malam Jamaluddeen Abbas, da 'ya'yanta Humaira da Abuzar, da ɗalibanta. Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi.

Lokacin ƙyanƙyasa ya gabato, ɗalibanta kuma suna nan a shirye su ci gaba da awon ruwan. Duk wanda ke son yi wa wannan ƙungiya gaisuwa daga cikin mutanen can, to ya taho da makullin ɗakin.

Sa hannu:
Alhaji Musbahu Ɗanbaba Kura,
Sakataren Yaɗa Labarai.