Kyanwar Marigayiya Inna Ta Ƙi Barin Gadon Jaririna

Assalamu alaikum Hajiya Sa'adiyya. Don girman Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki sakaya sunana. Na san wasu za su karanta su yi dariya, su ce ana kawo miki matsalar aure da ta rashin lafiya, wannan kuma ta zo da zancen kyanwa. Su yi ta dariyarsu. Ni dai na gaji, wallahi na gaji, irin gajiyar da ko kuka ba ni da ƙarfin yi.

Ni mai jego ce, haihuwar fari, ko arba'in ban yi ba. Aurena a Bici yake, amma na zo wankan gida a ƙauyenmu da ke yankin Kunci. Mahaifiyarmu, Inna, Allah Ya yi mata rasuwa bara da damina, don haka ƙanwar Babanmu, Gwaggo Furera, ita ta tare a gidan take yi mini wanka. Baba malami ne, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, karantarwar ma ya bar wa wasu. 'Yan'uwana duk kowa yana gidansa. Abin da ya rage masa a gidan nan daga littattafansa sai buzunsa sai kyanwar Inna.

Inna ce ta tsince ta a gindin rumbu tana 'yar mitsitsiya, ranar wata Talata, ta sa mata suna Talatu. Ita ke tsare mana hatsi da littattafan Baba daga ɓeraye, wannan kam ba zan ci amanarta ba. Tun da Inna ta rasu Baba ba ya kai loma baki sai ya gutsura mata. Sau da yawa ina jiyo shi daga zaure yana yi mata hira kamar da mutum yake.

Ga inda abin ya samo asali. Maigidana Usaini, saboda ɗoki, tun cikina bai tsufa ba ya sa kafinta ya ƙera gadon jariri na katako, har da 'yar katifa. Kin san mu nan ba a fito da kayan jariri kafin ya iso duniya, abin kunya ne, wasu kuma tsoron baki suke yi. Sai ya ɗauro shi a babur a lulluɓe da buhu ya kawo gidanmu, Gwaggo ta ce maza a tura shi ɗakin Inna tunda ba mai shiga. Babu wanda ya tuna cewa ɗakin nan shi ne masaukin Talatu. Da na haihu aka je ɗauko gado, sai ga baiwar Allah a kwance a ciki da 'ya'yanta, har sun yi wayo. Wato ta riga ni yin jego a cikinsa. Aka raba 'ya'yan ga maƙwabta, aka wanke katifa aka shanya, aka kawo mini gado ɗakina. Mu a wurinmu magana ta ƙare, ita kuwa har gobe gani take gadonta ne aka ɗauke mata.

Hajiya, babu abin da ban yi ba. Na rufe ƙofa, ta bi ta ƙarƙashi, don ƙofar kwano ce kuma ƙasanta ya cinye. Na toshe da tsumma, ta faɗo ta taga. Na rufe tagar, ɗaki ya koma kamar tanda, yaro ya yi ta tsala kuka, ita kuma ta samo wata kafa tsakanin bango da rufi. Na sa masa gidan sauro, sai ta ɗare sama ta kwanta abinta, ragar ta lotsa har ta kusa taɓa fuskarsa. In ina ɗakin da sauƙi, don tana shakkata. Lokacin wanka shi ne tashin hankalina, safe da yamma, ni da Gwaggo muna bayan gida da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ɗaki ba kowa.

Abin da ya sa na rubuto miki ya faru ne wata safiya. Gwaggo ta roƙi Baba ya zauna a bakin ƙofa ko yaron zai farka. Sunan Baba aka sa masa, shi ya sa ake kiransa Nababa, kuma Baba ji yake da shi ba kaɗan ba. Da muka fito sai na tarar da Baba a kan buzu da carbi yana ta murmushi, yana gaya wa Gwaggo wai Talatu ta shiga gadin takwaransa, wai da Inna tana nan da haka za ta zauna a kansa. Ina ɗaga labule na gan ta ta miƙe a cikin gadon, gefen cikinta a manne da fuskar yaron, hancinsa cikin gashinta. Yana ta mutsu-mutsu yana son juya kai ya kasa, fuskarsa ta yi ja, ko kukan bai samu ya yi ba.

Kin san me na yi? Ban yi ihu ba. Ɗan fari ne, ga Baba a bakin ƙofa, ga Gwaggo. Mu an raine mu a kan cewa uwa ba ta nuna rawar jiki a kan ɗan fari a gaban manya, ko sunansa ba na kamawa, ko ɗaukarsa ba na yi in Baba yana wurin. Sai na sa hannu na ɗaga ta a hankali na ajiye a ƙasa, na ga yaron ya ja numfashi ya fashe da kuka, na koma bakin gado na ɗauki kwanon kunun kanwa kamar ba abin da ya faru. Kunun ma sai da ya zube mini a zane. Shi kuwa Baba idonsa bai kai ya ga abin da na gani ba, har yanzu labarin gadin Talatu yake ba duk wanda ya zo barka.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ko kaza ce ta taka kwano sai in zabura. Wankan ma a gurguje nake yi, Gwaggo tana ta faɗa wai jikina ba zai yi ƙwari ba. Da na daure na gaya mata, dariya ta yi, ta ce mu 'yan zamani ba mu da ta ido, ɗan fari guda duk mun bi mun susuce, ai mu ma cikin kyanwoyi aka raine mu. Ta kuma ja mini kunne kada in kuskura in kai wa Baba wannan magana, don kyanwar nan ita ce abokiyar zamansa. Da na gaya wa Usaini a waya sai ya hau sama. Ya ce ko dai ya zo ya cusa ta a buhu ya kai ta can gaba da Rimin Gado ya yar, ko ya ɗauke ni da yaron kafin arba'in. Kowanne ya yi a ciki, Baba aka ci wa fuska. Masu zuwa barka kuwa kowa da nasa: wata ta ce kyanwa zuƙe numfashin jarirai take yi, wata ta ce in yayyafa kananzir a kewayen gadon, wata ta ce in barbaɗa barkono. Shekaranjiya haushi ya sa na wurga mata takalmi, ta tsaya ta dube ni, ta wuce wajen Baba. Sai na zauna ina hawaye, don Inna na tuna.

Hajiya, yaya zan yi? Ina tsoron wata rana in fito daga wanka in tarar da abin da ba zan iya faɗa ba. Ina kuma tsoron in raba tsohon nan da ɗan abin da ya rage masa. Kaina ya kulle.

Daga Mai Jego, yankin Kunci.

Wa alaikumus salam 'yata. Barka da sauka, Allah Ya raya Nababa, Ya jiƙan Inna. Babu wanda zai yi miki dariya a filin nan, domin tsoronki yana kan hanya. Zancen wai kyanwa tana zuƙe numfashi camfi ne, Talatu ɗumi kawai take nema da wurin da ta saba. Amma jariri ɗanye ba ya iya ture abin da ya rufe masa hanci, kuma da idonki kin gani. Saboda haka daga yau kada a sake barin su su biyu a ɗaki, ko da na ɗan lokaci ne.

Mu fara da abin da za ki iya yi yau ɗin nan. Lokacin wanka yaro ya bar ɗakin, a miƙa shi ga wata maƙwabciya mai hankali ta riƙe shi a hannu har ki fito. Kananzir da barkono kuwa ki yi nesa da su, yaron za su cutar kafin su kori kyanwa. Katifar nan da ta haihu a kai, wanki ba ya fitar da ƙanshinta a hancinta. A bar mata ita, a kai ta zaure kusa da buzun Baba, a sa mata a cikin kwando ko tsohon kwali, yaro kuma a samo masa sabuwa mai ɗan tauri, ba filo, ba tarin zannuwa. Gadon a wanke shi tas da sabulu a shanya a rana. Idan ta taɓa yakushinsa ko ta cije shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu a wuce asibiti a ranar, ban da jira.

Shi kuma Malam Usaini, a gaya masa na ce ya ajiye buhunsa. Zafin da ya ɗauka na uba ne, ban ga laifinsa ba, amma ga inda zai kai ƙarfin nasa: ya ɗauko kafintan da ya ƙera gadon ya zo ya buga wa taga ragar waya, ya gyara ƙasan ƙofa, a liƙe kafar da ke tsakanin bango da rufi. Iska za ta shiga, kyanwa ba za ta shiga ba. Gidan sauron kuma a ɗaure shi a sama ya miƙe sosai, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Aikin yini guda ne, kuma ya fi a ce siriki ya yar da kyanwar gidan surukai.

Gwaggo Furera ma tana da gaskiyarta. Ta ga halin da yayanta ya shiga bayan rasuwar matarsa, tana kare shi ne, kuma ita ke tashi da sassafe tana hura wutar wankanki, don haka kada ki riƙe ta a zuci. Sai dai a nan ta yi kuskure, kuma ke ma kin biye mata. Kunyar ɗan fari ado ce, ni ma na yi ta, har yau ba na kama sunan babban ɗana. Amma iyayenmu ba su kafa ta don uwa ta ga ɗanta yana neman numfashi ta ɗauki kwanon kunu ba. In kin sake ganin irin wannan, ki yi ihu a ji ki har bayan gari.

Yanzu ga babbar maganar. Ku duka a gidan nan kun haɗu kuna ɓoye wa Baba abu don tausayinsa, shi kuwa bawan Allah yana zaune yana murna da abin da ya kusa zama makoki. Rauni idonsa ya yi, hankalinsa yana nan. Ki yi tunani, in wani abu ya samu yaron nan, Allah Ya kiyaye, daga baya ya ji cewa kowa ya sani sai shi, wane hali zai shiga? Wannan ya fi rabuwa da kyanwa ciwo nesa ba kusa ba.

Ki same shi bayan ya idar da walaha, ki durƙusa ki gaishe shi. Ba sai kin kama sunan yaro ba, ba sai kin ce ɗanki ba. Ki ce masa takwaransa ne, ki faɗa masa abin da kika gani a safiyar nan yadda kika rubuto mini, ki kuma gaya masa ba korar Talatu kike nema ba. Sannan ki roƙe shi alfarma guda: duk lokacin da aka sauke ruwan wanka, ya kira ta zaure ya ba ta abincinta, ya riƙe ta a wurinsa har ki fito. Muryarsa kaɗai take ji a gidan, babu mai iya wannan aiki sai shi. In bakinki ya kasa, ki sa Gwaggo a gaba ta faɗa kina zaune, amma lallai ya ji a makon nan.

Ya ce da Inna tana nan da ita za ta zauna a kan jikanta. Gaskiya ya faɗa, kuma ni na tabbata da ita za ta fara ɗauke Talatu daga gadon nan, duk da son da take yi mata. Tunda ba ta nan, ki bar Baba ya yi mata wannan aikin. Ke kuma ki shiga wankanki a natse, ki fito ki sha kununki da zafinsa, ki kwanta ki yi barci.

Allah Ya ba ki lafiyar shayarwa, Ya sa ku yi arba'in lafiya, Ya ja kwanan Baba har ya ɗora wa takwaransa allo da hannunsa.

Taku, Hajiya Sa'adiyya.